"Daga Baya Zan So Shi": Auren Dole a Littattafan Soyayyar Salula

Ƴan uwa ɗalibai, kafin in soki kowa bari in fara biyan bashi. Ni ba a lakwal na koyi karatun Hausa ba. A lakwal Faransanci aka koya mana, kuma duk wanda ya yi firamare a wajenmu ya san abin da ke samun yaron da Hausa ko Barbarci ya suɓuce masa a cikin aji. A ɗakin matar kawuna na koya, a nan Gure, daga wasu ƴan littattafai masu siririn bango da hoton mace a gaba. Daga Kano ake sayo su, su biyo ta Damagaram, kafin su iso hannunmu sun sha aro har takardar ta yi laushi kamar tsumma. A cikinsu na fara ganin ƙ da ɗ da ɓ, na gane ashe maganar da muke yi a tsakar gida tana rubutuwa. Yau ga ni a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ina karatun kimiyyar harshe, kuma in aka bi salsala, littattafan soyayya ne suka fara buɗe mini wannan ƙofa. Saboda haka ba na cikin masu cewa a tattara su a cinna musu wuta. Masoyinsu ne ke magana, kuma masoyi ya fi maƙiyi sanin inda aibi yake.

Abin da ya sa na ɗauki bik

A babban hutun da ya wuce na zo gida, na tarar an ba da ɗiyar kawuna. Shekarunta 16, tana ajin birbe. Wanda aka bai wa ɗan kasuwa ne, ya ba arba'in baya, yana da mata biyu, kuma sau biyu kaɗai suka taɓa zama zance. Na yi zaton zan same ta tana kuka. Sai na same ta kwance a tabarma da salula a hannu, tana bin wani labari da ake turowa shafi-shafi a wani zaure na WhatsApp.

Na ce mata, "Ke kina son sa kuwa?"

Ta ce, "A'a Yaya. Amma ai daga baya zan so shi."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta yi dariya, ta ce, "Haka ake yi mana. Shi ma ba ya magana fa, ko kallona bai cika yi ba. Miskili ne."

Yadda ta faɗi kalmar nan "miskili" shi ya tsaya mini a rai. Da murmushi ta faɗe ta, kamar wadda ke cewa saurayinta likita ne. Na karɓi salular, na ce ta turo mini duk labaran da take da su. Sauran hutun nan a kansu na ƙare shi, da kaye a gefe ina rubuta abin da na gani. Ba zan ambaci sunan labari ko na marubuciya ko ɗaya daga cikinsu ba, don abin da zan faɗa ba laifin mutum ɗaya ba ne, ƙira ce da ta game kasuwar.

Kada kuma wani ya ce na ɗora wa littafi laifin auren. Littafi bai karɓi sadaki ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kashi 28 kuma kafin su kai 15, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram ne a sahun gaba. An yi dokar kare karatun ƴan mata a Disamba 2017, amma kowa ya san nisan da ke tsakanin takarda a Yamai da zaure a Gure. Talauci da al'ada da ikon uba su suka ƙulla auren ƙanwata. Tambayata ita ce: wa ya ba ta kalmomin da ta karɓe shi da su?

Da can faɗa suke da auren dole

Wanda bai san tarihin littattafan nan ba zai ɗauka haka suka taso. To ba haka ba ne. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin Boɗaɗo, ƴar Fulani da ta tsaya kai da fata a kan wanda ranta ke so duk da ƙin danginta. Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arzikin Najeriya ya taɓarɓare kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Daga nan aka samu abin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, sunan da ya jawo doguwar muhawara a jaridu tsakaninsa da irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu.

Ku duba In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na farkon shekarun 1990. Sumayya ƴar masu kuɗi ce, Muhammad talaka. Ita ta fara nuna tana so. Da aka matsa mata ta auri mai kuɗin da ba ta so, rijiya ta faɗa. Ko mutum ya ga abin ya yi kama da fim ɗin Indiya (kuma ya yi ɗin, Brian Larkin ya yi rubutu a kan wannan dangantaka tun 1997), ba zai ce littafin yana lallashin yarinya ta haƙura ba. Iyaye yake ja wa kunne.

Sai Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, an aurar da Abu ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta ya yi jika da ita. Balaraba ba ta ɓoye muguntar daren farko ba, ba ta kuma shafa mata zuma ba. Abu ta gudu birni wurin wata ƴar uwarsu, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya, har wanda ya ƙi ta da farko don jahilci ya dawo yana nema. A Alhaki Kuykuyo Ne kuma, Alhaji Abdu ya kori Rabi da ƴaƴanta tara saboda amarya, ta riƙe su da sayar da abinci. Da dukiyarsa ta ƙone ya dawo, maza suka taru suka matsa mata ta koma. Ta koma ɗin, amma littafin bai taɓa kiran wannan komawa soyayya ba. Ya bar mai karatu da ɗacin abin a bakinsa, kuma nan ne gaskiyarsa take.

Saboda irin wannan ne aka riƙa zargin marubutan da koya wa ƴan mata bijire wa iyaye. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafai a wata makarantar ƴan mata a Kano, hukumar tace finafinai da ɗab'i kuma ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Wato akwai lokacin da ake jin tsoron littafin soyayya don yana sa yarinya ta ce a'a.

Yadda labarin ya juya baya

Yanzu ga ƙirar da na yi ta cin karo da ita a salular ƙanwata. Yarinya marainiya ce, ko ƴar aiki, ko ƴar ƙauye da aka kawo gidan kawunta mai kuɗi a Abuja. Namiji babban soja ne, ko likitan da ya yi karatu a Ingila, ko ɗan sarki, ko mai kamfani da jirgin sama nasa na kansa alhali bai cika talatin ba. Kaka ko uba ya ce sai an haɗa su. Shi ba ya so, ita ba ta so. Aka ɗaura. Daga nan sai shafi bayan shafi na wulaƙanci: ya hana ta fita, ya kira ta ƙazama, ya kawo budurwarsa gidan, wani lokaci ya mare ta, wani lokaci ya yi mata abin da in a waje aka yi shi sunansa fyaɗe. Ita tana kuka, tana sallar dare, tana girki mai daɗi. Sannan wata rana ta yi rashin lafiya, ko wani namiji ya kalle ta, sai kishi ya tashi, sai a gane ashe tun ranar farko yana son ta, girman kai ne ya hana shi faɗa. Ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ta haifi tagwaye. Aka tafi Dubai. Tammat bi hamdillah.

Kun ga abin da ya faru? A littafin Balaraba auren dole shi ne cutar, labarin kuma neman magani. A nan auren dole shi ne hanyar da ake bi a kai ga soyayya. Iyayen da suka tilasta su ne suka fi kowa hangen nesa, kukan yarinya kuwa yarinta ce da za ta wuce. Ban ce duk labaran intanet haka suke ba. Na karanta waɗanda suka taɓo shaye-shaye da fyaɗe da rayuwar zawarci da idon basira, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da mata masu alƙalami na gaske. Amma wanda ya fi yawo a zaurukan ƴan mata, wanda ake rububin biyan kuɗinsa, wannan ƙirar ce.

Abin da nahawu ya tona

Tunda harshe nake karanta, bari in taɓa abin da na fi sani. Na ɗauki wasu babi na ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, na raba gida biyu: na namiji da na mace. Ku ma ku gwada, ba ya buƙatar digiri.

A gidan namiji za ku tarar da aikatau so-karɓau, wato masu faɗawa a kan wani, kuma wanin nan ita ce: ya fizgo ta, ya jawo ta, ya riƙo hannunta, ya ɗago haɓarta, ya kamo ta. Ku lura da wasalin -o da ke ƙarshensu. A rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatan Hausa a 1960, wannan shi ne aji na 6, mai nuna aikin da ke tahowa wajen da ake tsaye. "Ya ja ta" da "ya jawo ta" ba ɗaya ba ne: na biyun yana gaya maka inda tsakiyar duniya take. A waɗannan labarai tsakiyar duniya ƙirjin namiji ne, komai can yake nufa.

A gidan mace kuwa ƙi-karɓau ne suka yi yawa, waɗanda aikinsu ke ƙarewa a jikin mai yin su: ta razana, ta firgita, ta ruɗe, ta suma, ta yi shiru, ta fashe da kuka. In ta samu karɓau, to wani sashe ne na jikinta: ta sunkuyar da kai, ta runtse ido, ta ciji leɓe. Wurin da na fi ganin ta da aikatau na aji na 6 shi ne inda "ta turo baki". Abin dariya ne, amma ku tsaya ku yi tunani: mutum ya yi shafi ɗari uku bai motsa komai a duniya ba sai bakinsa. Ku koma ga Rabi ta Balaraba ku ja irin wannan layi: tana dafawa, tana sayarwa, tana biyan kuɗin makaranta, tana aurar da ɗiya. Aikatanta suna da karɓau a wajen jikinta.

Sai kalmar da ƙanwata ta faɗa. Miskili daga Larabci muka aro ta, tushenta ɗaya da mushkila, wato matsala. A bakin kakanninmu miskili mutum ne mai wuyar sha'ani, murɗaɗɗe, wanda ba a gane gabansa da bayansa. Ba yabo ba ne. A littattafan salula ta zama kirari, tana tafiya da izza da ƙasaita da kamewa. Mu a aji muna kiran wannan sauyin ma'ana, kuma ba laifi ba ne kalma ta sauya, haka harshe yake rayuwa. Amma sauyin nan yana da aiki: yana koya wa yarinya ta fassara shirun namiji da zurfin ciki, ta fassara rashin kulawarsa da so mai ɓoyo. Mutumin da zai auri ƙanwata mai yiwuwa ba ya yi mata magana ne don ba shi da abin da zai ce wa yarinyar da ta yi sa'ar ɗiyarsa. Littafi ya riga ya ba ta wata fassarar.

Haka kiran suna. Shi "ke" yake ce mata, ko "ke yarinyar nan". Ita "Yaya" take ce masa ko a cikin zuciyarta. Na san alkunya ce a wurinmu mace ta sakaya sunan miji, ban kuma ce a bari ba. Abin lura shi ne ranar da ya fara kiran sunanta ita ce ranar da labarin yake ɗauka babbar kyauta ce, har masu karatu su cika zaure da murna. An sauke farashi ƙwarai, tunda kiran mutum da sunansa ya zama abin biki.

Ita kanta kalmar soyayya tana da abin faɗa. Ɗafin -ayya a Hausa tarayya yake nunawa: ja, jayayya, ƙi, ƙiyayya, aure, auratayya. Mutum ɗaya ba ya jayayya. So yana iya zama na gefe ɗaya, amma soyayya sai da biyu, kowa yana yi ana yi masa. Labarin da ɗaya ke fizgowa ɗaya na suma, ko a ma'aunin nahawu bai cika sunan da aka ba shi ba.

Ina muke a cikin labarin?

Akwai wani abu da ya shafe mu mu ƴan Nijar musamman. Sau da yawa in marubuciya tana son ta ba da hujjar kyan tauraruwarta, sai ta ce uwarta Buzuwa ce daga Agadas, ko Shuwa, ko Bafulatana: fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya. Iyakar aikin ƙasarmu ke nan a labarin, wurin da ake samo farar fata da gashi. Ba za ka ga kasuwar Gidigir ko ta Subdu ba, ba za ka ga kwarin dabino da kanwa da rairayi ke neman cinyewa ba, ba za ka ga saurayin da ya tafi Libiya shekara uku budurwa na jiran muryarsa a salula ba. Baƙar mace kuwa, irin yawancinmu, ita ce muguwar kishiya ko ƙawar da ke raka tauraruwa. Sannan mu yi mamakin yadda man bilicin ke ƙarewa a kanti.

Harshen ma an raba shi gida-gida. Masu kuɗi Ingilishi suke sirkawa, iyayensu Dadi da Momi. Ƙanwata da Faransanci ta yi karatu, tsallake waɗannan layuka take yi, amma saƙon ya isa gare ta: so na masu wannan yaren ne. In kuma an tashi ba da dariya, sai a sa ƴar aiki ko tsohuwar ƙauye ta ce "tahi" da "shina" da "hwaɗi", wato Hausar da ake yi daga Sakkwato har Maraɗi da Tawa. Ko a kawo Babarbare yana ce wa mace "kai", alhali dalilin a fili yake: Barbarci ba ya raba jinsin namiji da mace a nahawunsa. Mu da muka tashi a Gure tsakanin Mangawa da Tubawa da Fulani da Buzaye, Hausar kasuwarmu ke nan. Muna biyan mega mu karanta ana yi mana dariya.

Me ya kawo haka?

Ba na jin marubutan nan mugaye ne. Yawancinsu mata ne matasa, wasu a ɗakin aure suke rubutu da babban yatsa, kuma kuɗin da masu karatu ke turowa shi ne sana'arsu. A ganina abu uku ne suka haɗu.

Na farko kasuwa. Littafin takarda ana sayen sa ne gaba ɗaya. Na salula kuwa shafukan farko kyauta ne, sai an kamu sannan a ce a biya. Dole marubuciya ta samu igiyar da za ta ja wata biyu ko uku ba ta tsinke ba, kuma babu igiya mai tsawo kamar ƙiyayyar da ake jira ta zama so. Masu karatu ma suna cikin zauren, suna faɗin abin da suke so a yi gobe.

Na biyu kunya da tsoron zargi. In saurayi da budurwa suka keɓe a littafi, za a ce an koyar da lalata. Amma in an ɗaura aure tun babi na uku, an samu lasisin sa su a ɗaki ɗaya, a rubuta duk abin da ake so, ba mai cewa uffan tunda halal ne. Auren dole ya zama dabarar marubuci ta haɗa baƙi biyu a gado ba tare da an zage shi ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne an fake da addini an bar abin da addinin ya faɗa: a cikin Bukhari akwai labarin Khansa'u bint Khizam, wadda mahaifinta ya aurar ba da son ta ba, ta kai ƙara wurin Annabi (SAW), ya warware auren. Ban ci karo da tauraruwa ko ɗaya da ta san wannan labari ba, duk da yawan sallar darensu.

Na uku, ƙirar ba tamu ba ce mu kaɗai. Tun 1740 Samuel Richardson ya rubuta Pamela a Ingila: ƴar aiki, maigida ya yi ta farautarta, a ƙarshe ya aure ta, aka ce sakamakon nagarta ke nan. A 1984 wata malama a Amurka, Janice Radway, ta zauna da mata masu karanta littattafan soyayya ta rubuta Reading the Romance. Cikin abin da ta gano akwai cewa labaran suna ɗaukar taurin zuciyar namiji su sake fassara shi a matsayin so, kuma matan suna karantawa ne don su samu ɗan lokaci nasu na kansu daga hidimar gida. Ku ƙara da finafinan Indiya masu fassara da muke kallo dare da rana. Ruwa ne da ya taho daga nesa. Bambancin shi ne, matar da Radway ta yi hira da ita in ta rufe littafi ba wanda zai ɗaura mata aure bayan kaka.

Amsar da ban shirya mata ba

Ana saura kwana uku in koma Yamai na zaunar da ƙanwata na zazzage mata duk wannan, har da su aji na 6. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce:

"To Yaya, me kike so in karanta? Wanda za a ce mini zan sha wuya? Ai na sani. Ina ganin Inna."

Na rasa ta cewa. A nan na gane ba ruɗinta aka yi ba yadda na zata. Ta san bambancin Abuja ta littafi da ɗakin da za a kai ta. Labarin magani ne na rage zafi, ta sha don ta iya barci. Kuma wane ne ni da zan ƙwace maganin daga hannun wadda ban iya cire mata ciwon ba? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ke bayan littattafan nan, kuma duk mai sukar su da bai fuskance ta ba, surutu kawai yake yi daga inuwar jami'a.

Duk da haka ban janye ba. Maganin rage zafi yana da amfani, amma in ya sa mai ciwo ya daina neman likita ya zama wani ciwon. Yarinyar da ta karanta labari talatin, a cikin kowanne haƙuri ya haifi tagwaye da Dubai, ranar da aka mare ta za ta ce babi na goma ne, saura kaɗan ya durƙusa. Ba ta da labari ko ɗaya a kanta da mace ta je wurin alƙali, ko ta kira kawunta, ko ta ce a bar ni in gama birbe. Mutum ba ya bin hanyar da bai taɓa jin an bi ba.

Shi ya sa maganata ta ƙarshe gare mu take, mu masu wannan ɗan littafi da muke haɗa dala-dala mu kai fotokopi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma in ƴar Gure tana son labarin so da harshenta, har yau sai ta leƙa ƙetaren iyaka. Mu da muke fada muna shan shayi muna raina "littattafan mata", me muka rubuta mata? Ba wa'azi nake nufi ba, ba kuma labarin ƙungiyoyin agaji mai ƙarewa da taken wayar da kai ba, wannan ba mai karanta shi sai an ba shi kuɗin zama. Labarin so nake nufi, mai daɗi, mai sa a ƙagu a ga shafi na gaba, wanda saurayin ke tuƙa kabu-kabu ko yake koyarwa a wani ƙauye bayan Kelle, yana magana, yana dariya, yana tambayar ta me take so. A bar baƙar yarinya ta zama tauraruwa, a bar ta ta yi Hausarta ta Gure ba don a yi dariya ba. A ba ta aikatau masu karɓau. In akwai auren dole a ciki, a kira shi da sunansa.

Game da ƙanwata, abin da muka iya ni da matar kawuna da kakarmu shi ne an ɗaga bikin zuwa bayan jarrabawa. Ɗagawa ce kawai, ba fasawa ba. Kafin in hau mota na bar mata tsohon Wa Zai Auri Jahila? na matar kawuna, wanda bangonsa ya riga ya cire. Bayan sati biyu ta turo mini murya. Ta ce ta gama, ya yi daɗi, har ta yi kuka. Sannan ta ce, "Amma Yaya, ita Abu tana da wadda za ta gudu wurinta a birni. Ni wa gare ni?"

Ina zaune a ɗakin kwanan ɗalibai da muke cunkushe a ciki, kuɗin bursu bai fito ba, na saurari muryar nan sau uku. Har yanzu da nake wannan rubutu ban ba ta amsa ba, kuma jarrabawa sai matsowa take.